Sodangi da Taken Gidan Amiru

A Tsamaye, in ka ce Sodangi, yaran yanzu sai su nuna maka tsohon da ke tufkar igiya a gindin ceɗiya. Manya kuwa da gangar noma suka san shi. A zamaninsa gayya ba ta tashi sai da shi. Kowane gida yana da takensa, kiɗan da aka gada tun kaka da kakanni, kuma in ya buga na gidanku, ko loma ce a bakinka sai ka miƙe ka ɗaga hannu ka yi kirari. Da kaka dammunan gero kan zo masa har ƙofa, shi da ko kunya ɗaya bai taɓa nomewa ba.

Sai wayoyi suka shigo. Mawaƙi guda ya rera a birni, a ji shi daga Isa har Maraɗi har Jidda, ya sayi mota ya tayar da bene. Makaɗan ƙauye kuwa suka rataye gangunansu, gara tana ci. Sodangi ba mai hassada ba ne, amma abin yana yi masa ciwo.

Da aka sa ranar auren Marwan, jikan amininsa marigayi Amiru, aka aiko masa da goro. Ya je kasuwar Sabon Birni ya sayo fatar akuya, ya sake ɗaure gangar. Burinsa ɗaya: taken gidan Amiru ya sake tayar da wani daga jininsa, ko sau guda, kafin shi ma ƙasa ta rufe masa ido.

Matarsa Kande ta ce, "Goron ɗaurin aure na hwa, Malam. Kowa an kai mishi."

Ya ce, "Za ni dai."

Ranar bikin ya isa da gangarsa, ya tarar da lasifika tana ta tsawa, matasa suna rawa. Ya rakuɓe ya jira, har Allah ya sa mai ya ƙare a janareta. Nan ya saɓa ganga ya saki taken. Hannu bai manta ba. Ango ya juyo, ya taso ya nufo shi, zuciyar Sodangi ta cika da murna.

Marwan ya durƙusa cikin ladabi ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Wanga kiɗi da daɗi shike. Na wane gari na?"

Sodangi ya buɗe baki zai amsa, sai janareta ya tashi, ashe an ƙara mai.