Kumatun Chebo

Duk unguwarsu a Brownsville babu wanda bai san Doña Herminia mai sayar da tamale ba, haka ma ɗanta Chebo. Tamale kuwa ƙullun masara ne da kitse da nama, a naɗe a ganye a turara kamar alala. Kafin shi ta taɓa haihuwa can ƙauyensu a San Luis, yarinya 'yar firit, gudawa ta ɗauke ta tun ba a yaye ta ba. Ranar binnewa Herminia ta ji da kunnenta surukarta tana gaya wa maƙwabta wai yunwa ce ta kashe mata jika. Maganar nan ta zauna mata a ƙirji har tsufa.

To, a kan Chebo abin ya ƙare. Kunun masara mai zaƙi tun bai yi haƙori ba, tamale yana naso da kitse safe da yamma, kuma ba a tashi sai an suɗe faranti. In gwaggonninsa suka ja kumatunsa suna yaba ƙoshin lafiyarsa, bakin Herminia har kunne. Da malamin wasanni ya tako har gida yana roƙon a bar yaron ya buga ƙwallo, korar kare ta yi masa. Wai yaro ya yi gumi, iska ta shige shi, wa zai yi jinya? Ta taga Chebo ya yi kallon sa'o'insa, da kwalbar lemo a hannu. Abin takaicin, duk don so ta yi.

Bai kai arba'in ba ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu. Likita ta gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ta daman ma tana hanya in bai sauya cimarsa ba. Ya kuwa dage, bawan Allah. Matarsa Yesenia ta koma dafa ganye da kifi, har wandunansa suka fara yi masa yawa.

Wata Lahadi bayan coci sai ga Herminia da tukunya a rungume. Ta daɗe tana kallon fuskarsa, sannan ta shafa inda kumatun suke a da.

"Ɗana, ka rame. Haka fuskar yayarka ta koma."

"Amá, likita ta ce..."

"Likitar ce ta haife ka?"

Ta buɗe tukunyar, tana hawaye. Yesenia ta girgiza masa kai daga bakin ƙofa. Chebo ya dubi ƙafar da ta rage masa, ya dubi tsohuwar, ya sa hannu ya ɓare ganyen tamale ɗaya. Tun bai haɗiye ba ta miƙo masa na biyu, tana murmushi.