Sunan Yaya a Taswirar Ruwa

Yau a biro, wurin aikinmu, ina duba taswirar ruwa ta intanet, na taɓa ɗigon rijiyar ƙauyenmu, can bayan Jiratawa. Shuɗi ne, wai akwai ruwa. A ƙasa ga sunan wanda ya shigar da bayanin: yayana Isufu, Allah ya jiƙansa.

Alhali fari ya ƙafar da rijiyar tun bara.

Abokiyar aikina ta leƙo ta ce, "Malam, gyara mana, kar masu haƙa rijiya su tsallake garinku."

Na ce, "In na gyara, sunansa zai fita, nawa ya hau."

A ƙarshe na mai da ɗigon ja, alamar babu ruwa. Yanzu sunana ne kaɗai a wurin, kamar yadda ni kaɗai na rage a gidanmu.

Jama'a, kun taɓa share sawun mamacinku da hannunku?