Kyamarar da na kafa wa Inna a tsakar gida

Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikaci ne a wani asibiti a Birnin Kudu, magidanci mai 'ya'ya uku, kuma mai ji da kansa a harkar na'ura. Duk wanda wayarsa ta rikice a wurin aiki ni yake kawo wa, ni kuwa in karɓa ina hura hanci kamar ni na ƙera ta. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune ita kaɗai a gidanmu na Gwaram tun rasuwar mahaifinmu. Na yi juyin duniya ta dawo wurina, ta ce ba ta barin ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, sai dai ta ce mai sunan Malam, ba ta kuma doguwar magana da ni. In tana da saƙo, ta bakin ƙanwata da ke aure a Sundimina yake iske ni.

Sai dai zaman nata ba na kaɗaici ba ne. Kullum da hantsi matan unguwa sukan taru a tsakar gidan ta yi musu ƙarin karatun Alƙur'ani, daga nan a zarce da ɓarar gyaɗa da kitso da hira har azahar. Gida ne da babu namiji, kowace takan rataye hijabinta a igiya ta sha iska.

Wata ranar kasuwa Inna ta tafi gaisuwar rasuwa, aka shiga aka kwance mata awaki biyu. Hankalina ya tashi, na ce yau awaki ne, gobe wa ya sani. Na nufi shagon mai sayar da kyamarorin tsaro, ya baje mini kala-kala. Akwai mai ajiye hoto a kati sai an ciro an duba, akwai mai buƙatar wuta kullum, wadda ba ta dace da garinmu ba. Idona ya faɗa kan wata mai sola da layin waya, tana juyawa hagu da dama, tana jin magana, har kana iya magana ta cikinta. Mai shagon, dattijo ne, ya ba ni shawara in kafa ta a ƙofar gida tana kallon waje, tunda ɓarawo ta nan yake shigowa. Na yi masa dariya, na ce ni uwata nake son gani, ba masu acaɓa ba.

Na kafa ta a saman katangar madafi, inda take ɗauke tsakar gidan kaf. Inna ta ɗaga kai ta dube ta, ta ce Allah ya yi albarka, ta kau da fuska. Ban tambaye ta ko tana so ba. Da na fita kuwa, na zauna a majalisar ƙofar masallaci ina nuna wa mazan unguwa wayata, ina cika bakin cewa daga Birnin Kudu ko kaza ce ta gifta sai na gan ta. Suka yi ta jinjina kai, ni kuma na ɗauka burge su na yi.

Wata biyar ina jin daɗin dabarata. Duk hantsi in buɗe waya in ga gida a share tas, Inna a kan tabarma cikin dogon hijabi tana jan carbi. Na lura matan ba sa zuwa, na ce damina ce, aiki ya yi yawa. Hijabin nan a cikin zafi ma bai sa na yi tunani ba, cewa na yi tsufa ya ƙara mata ibada. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wata rana na duba ban ga tabarma ba, na ce ta shiga maƙwabta, na ci gaba da aikina. Bayan la'asar aka kira ni cewa ga su nan tafe da ita a mota zuwa asibitinmu. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita tun asuba, jiri ya hana ta ko tashi ta ɗebi ruwa. Aminiyarta, wata Hajiya da suka shekara arba'in katanga ɗaya, ita ce ta ji shirun ya yi yawa, ta rufe fuska ta shiga ta same ta.

A barandar asibitin Hajiyar ta wanke ni tas, a gaban abokan aikina. Ta tambaye ni wace matar aure ce za ta cire hijabi a gidan da ƙato yake leƙe daga wani gari, yana kuma nuna wa maza a majalisa. Ta ce tun a makon farko mazajen matan suka hana su zuwa, karatun ya koma wani gida. Da a ce da ne, in ji ta, kafin rana ta ɗaga mace goma sun shiga ɗakin nan. Ƙanwata ta ƙarasa ni. Ta ce Inna ce ta hana a faɗa mini, wai mai sunan Malam don ƙauna ya yi, kada a karya masa gwiwa. Zaman tabarmar nan ma don ni take yi, tana jure rana kullum don in gan ta hankalina ya kwanta. Na shiga bayan ɗakin magani na yi kuka kamar yaro. Na ji kunya, na kuma ji sonta fiye da kowane lokaci a rayuwata.

Da aka sallame ta, na cire kyamarar da hannuna, na bi gida-gida na ba mazan haƙuri, sannan da yardarsu na mayar da ita ƙofar gida tana kallon titi. Matan sun dawo hira da kitso. Karatun dai bai dawo ba, domin Inna ta ce ba za ta ƙwace shi daga hannun wadda ta riƙe mata ba. Wannan asarar ni na jawo mata, kuma har yau ba ta taɓa yi mini gori ba.

Ina kira ga 'yan'uwana masu iyaye a gida: kafin ku tambayi mai shago wace kyamara ce ta fi kyau, ku tambayi tsohuwa ina take so a kafa ta, in kunya ta hana ta magana ku aika wanda take sakewa da shi. Tsakar gida ta mata ce, kada ku saka mata ido. Na'ura tana gani, amma ba ta miƙa ruwa. Ni yanzu da na ga mata sun fara shiga da hantsi nake mayar da wayar aljihu, don na san Inna tana hannun da ya fi nawa.