Ƙullin Kunnen Hagu

Ina gona ina cirar gyaɗa na hango Naziru mai shagon gem, wato wasan talabijin, ya kashe babur ɗinsa tun daga bakin hanyar Gezawa, yana turo shi da hannu. Naziru ba ya kashe babur sai ya zo gaban mutum ya cika masa kunne da hon. Tun kafin ya iso na ajiye fartanya. Ya tsaya, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce, "Kamilu, sai haƙuri. Uwaisu lokaci ya yi." Na yi salati, na zauna a kan kunyar gyaɗa.

Uwaisu ɗan Malam Abdulkabir ne, mai makarantar allo a unguwarmu. Tare muka tashi, tare muka sha bulalar Malam. Da ya girma ya kama acaɓa tsakanin ƙauyenmu da Gezawa, da damina kuma ya koma gona. Bakinsa ya fi babur ɗinsa gudu. Ba ya wuce mutum bai tsokane shi ba, kuma in ka rama ya fi ka jin daɗi.

Bayan la'asar shagon Naziru muke taruwa: benci biyu, talabijin ɗaya, da wasan faɗa, inda mutum biyu kowa zai zaɓi gwaninsa na cikin wasan a yi ta naushi da shuri har jinin ɗaya ya ƙare. Dokar shagon biyu ce. Wanda aka ci ya miƙa fad, wato abin dannawa, ya koma ƙarshen benci. Ta biyu, ba a buɗe muryar talabijin, saboda bango ɗaya ne tsakanin shagon da zauren da Malam ke ba da karatu. Shekara da shekaru haka muka yi ta wasa a kurmance, ba mu ma san yadda naushin yake ƙara ba.

Sai ciwon ido ya kama Uwaisu. A asibiti suka ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Ganin ya riƙa tsukewa har ya tafi gaba ɗaya. Aka sayar da babur. Ya karɓi ƙaddara da haƙurin da ban san yana da shi ba, amma akwai abin da ya fi duhun ci masa rai. In na riƙo hannunsa muka shiga shago, sai kowa ya yi tsit, a share masa wuri mai kyau, a yi ta "sannu, Uwaisu, ya jiki." Wata rana a hanyar gida ya ce mini, "Kamilu, rabon da wani ya tsokane ni tun ina gani. Kowa ya mayar da ni mai jinya." Daga nan ya daina zuwa. Matarsa Hure ta ce mini wuni yake a ɗaki, ko rediyo ba ya kunnawa. Muna gani abokinmu yana sulalewa daga cikinmu tun yana da rai.

Ana haka Naziru ya kawo sabon wasan faɗa daga birni. Yana cikin tone-tonen saitin wasan ya ci karo da wani ɓangare da aka yi don waɗanda ba sa gani. Akwai ƙara mai sauri in abokin faɗa ya matso, ta yi sanyi in ya ja baya. Naushin sama da shurin ƙasa kowanne da sautinsa. In yana damanka a kunnen dama za ka ji shi. Tunda ba dama a buɗe murya, Naziru ya sayo iyafis, abin sauraron da ake cusawa a kunne, wanda ake sokawa a jikin fad.

Da ƙyar na jawo Uwaisu. Muka cusa masa iyafis, aka fara. Abin bai yi kyau ba. Gwanin Naziru yana dama, shi kuma gwanin Uwaisu yana ta tafiya hagu yana naushin iska. Ba wanda ya yi dariya, kuma shirun nan ya fi dariya ciwo. Ya ajiye fad ya ce in kai shi gida. Na kwana ina cewa da ma ban taso shi ba.

Washegari ya aika aka kira ni. Na same shi yana jujjuya iyafis ɗin, ashe da shi ya taho a aljihu. Ya ce, "Duk inda wasan ya ce mutum yake, in na je babu kowa. To ko dai wasan maƙaryaci ne, ko kunnuwan kuka juya mini." Na duba da kyau, sai ga ɗan harafi a jikin kowanne. Mu da muka saba wasa ba murya, ina muka san abin yana da hagu da dama kamar takalmi? Hure ta tsinko zare daga hular da take ɗinkawa, ta yi ƙulli a na hagun yadda zai ji shi da yatsa.

Daga nan kullum sai mun je kafin mutane su taru. Rubutun wasan ba ya magana, don haka ni ke zaɓo masa gwaninsa in shigar da shi fage, sauran kuma aikin kunnensa ne. Yakan karkata kai kamar mai sauraren hadari daga nesa.

Ranar da suka sake zama da Naziru, Naziru ya riƙa sassauta hannu. Uwaisu ya zare iyafis na kunne ɗaya ya ce, "Naziru, ba na jin takunka. In sadaka za ka ba ni, bari sai Juma'a." Naziru ya gyara zama ya rufe shi da duka har ya gama da shi. Cikin zafin nasara bakinsa ya suɓuce, ya ce, "Tashi, malam makaho, ƙarshen benci na kiranka." Sai Uwaisu ya fashe da dariya, har da hawaye, ya laluba ya koma ƙarshen benci da kansa yana cewa, "Yauwa, yanzu na dawo gida."

Kafin kaka ta zagayo ya fara cin Naziru. In Naziru ya ce ai shi wasan raɗa masa amsa yake yi, sai ya miƙa masa iyafis ya ce, "Bismillah, rufe ido ka sha raɗar." Naziru ya gwada sau ɗaya, bai ƙara ba.

A wurin zaman makoki Malam Abdulkabir ya kira Naziru gefe, ina kusa. Ya ce, "Ban taɓa son shagon nan naka ba. Amma ta bangon nan na sake jin dariyar yarona. Allah ya saka maka da alheri." Ni ma godiyar da nake yi ke nan, ga Allah, ga Naziru, ga Hure da zarenta, da wasu mutane can wata ƙasa da ban san sunansu ba, waɗanda suka zauna suka tuna cewa makaho ma yana son a kara da shi tsakani da Allah. Allah ya jiƙan Uwaisu, ya haskaka kabarinsa.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ba mu ɗauka zai kai haka ba. Da na je duba shi, ya zaro iyafis daga ƙarƙashin matashi ya danƙa mini.

"Riƙe mini wannan. Kada ka ba Naziru, zai iya kwance ƙullin ya mayar dama."

"Kai dai ka warke ka zo ka karɓi kayanka," na ce. "Tun da ka kwanta yake cika baki."

Ya yi murmushi ya ce, "Ƙyale shi ya ɗan ɗumama mini wurin. Ka ce masa ya share ƙarshen benci da kyau, shi zai zauna."