Suwaitar Baba Soja

Ko an tashe ni daga barci ba zan manta da Asabar ɗin da Baba Soja ya shigo shagonmu ba. Ku sababbin yara, ku ajiye buroshi ku saurara.

Lokacin ina hutun makaranta, ina aiki a shagon wankin Kawu Sabo a Gyaɗi-Gyaɗi. Kawu ya riga ya sakar mini teburin cire tabo. Ga wanda bai sani ba, suwaitar ulu ba ta shiri da ruwan zafi, ƙanƙancewa take ta koma ta jariri. Sai a shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin tabon, a ɗiga magani, a riƙa dannawa a hankali, sannan ta shiga injin da ba ya amfani da ruwa.

Baba Soja tsohon soja ne mutumin Kafanchan, yana zaune a Darmanawa. Wallahi sai da ya sunkuya kafin ƙofarmu ta karɓe shi. Ya ajiye suwaita ruwan toka a gabana.

"Yaro, ka ga manjan nan a ƙirji? Cire shi. Ka ga wannan jan a bakin hannu? Lalle ne. Marigayiya matata ce ta saƙa rigar, hannunta ne ya shafa. In ya fita, ni da kai ne."

Na ce, "To, Baba," da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba.

Manja ya fita tas. Hannun kuwa ko numfashi ban yi kusa da shi ba. Na miƙa wa Kawu, na faɗa masa gargaɗin, ya ce lalle ba ya jin maganin inji, ya wuce da ita ciki.

Ranar karɓa, Kawu yana bayan shago, na ɗauko suwaitar daga kan shimfiɗa don in naɗe. Na duba hannun dama, babu lalle. Hagu, babu. Na soma tunanin garin da zan gudu, har na zaɓi Maraɗi. Ina cikin haka inuwa ta rufe ƙofa.

"Yaro, ina rigata?"

"Baba... Baba, lallen..."

"Lallen me?"

Kawu ya fito, ya kalli rigar, ya kalle ni. "Kai, Habu, bai-bai take! Ai juya suwaita ake yi kafin ta shiga inji, don kada fuskarta ta yi gashi."

Ya zura hannu ya juyo ta. Ga jan lallen nan, yana zaune lafiyarsa.

Na ɗauka Baba zai yi tsawa ko dariya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ɗora babban yatsansa a kan wurin, sannan ya naɗe rigar da kansa ya ce, "Kun kyauta."

Tun ranar, duk suwaitar da aka kawo, kafin in buɗe kwalbar magani sai na nuna wa mai ita kowane tabo, na tambaye shi wanne zai tafi, wanne zai zauna. Ku ma ku riƙa tambaya. Kuma don Allah, kafin ku zaɓi garin gudu, ku juyo rigar.