Makokin Kakana a Zauren Ƙanensa

Akwai wani wari da tsohuwar jarida take yi idan ta daɗe a ɗaure, irin na ɗakin da aka rufe tun farkon damina. Duk sa'ad da na bi ta wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, na shaƙe shi, sai in ji zuciyata tana tafasa. Ba da takardar nake ba. Da wani tsoho nake, yana can garinmu, har gobe yana cin tuwonsa da man shanu.

A babban gida na tashi, a hannun kakata. Mijinta, wato kakana, tela ne. Mahaifina yana goye kakan nawa ya tafi Makka shi da ƙanensa, daga can suka zarce Masar neman na kansu. Bayan 'yan shekaru ƙanen ya dawo shi kaɗai, da sabon rawani da labari: wai Yaya ya auri Balarabiya a Alƙahira, ya ce kowa ya ji da kansa. Wannan ƙanen shi muke kira Baba Ƙarami.

To ka san ba a raba gadon mai rai. Saboda haka gonar kakana ta fadama, mai rake da mangwaro, ta zauna a hannun Baba Ƙarami, wai yana riƙe wa Yaya amana. Mahaifina ya girma yana noma gonar ubansa kamar ɗan ƙodago. Ina tuna lokacin saran rake, jakuna su yi ta shigowa ana jibgewa a ƙofar sashensa, gida ya cika da ƙamshi da ƙudan zuma, mu kuma a aiko mana da 'yan sanduna masu tsutsa. Kaka ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya.

An sha ba ta shawara ta je gaban alƙali a raba auren, ta ƙi. Ta ce shi ya nemi aurenta, shi zai zo ya sake ta da bakinsa. Haka ta tsufa, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Mace ce mai barkwanci, ni take kira maigidanta, ta ce ni ma ba ta amince da ni ba tunda jinin masu gudu ne. Amma in ta zauna kaɗi da la'asar a bakin ɗakinta, mazari yana juyawa, leɓenta yana motsi, na san ba tasbihi take yi ba. Allah ya isa take ja wa mijinta, kullum, kamar wuridi.

Da na sami gurbin karatu a Alƙahira a 2012, abokaina murnar ilimi suke yi, ni kuwa da wata manufa na sauka. So nake in nemo kakan nan nawa, ko 'ya'yansa Larabawa, in zazzage musu abin da ke cikina. Na yi ta cigiya a wajen tsofaffin mutanenmu har aka haɗa ni da wani dattijo Bahaushen Sudan, mai gadin wani gini a unguwar Dokki. Na ba shi labari, ya daɗe yana juya kofin shayinsa.

"Ma'alish, yi haƙuri ɗana," ya ce, "wace Balarabiya? Na san wani tela ɗan ƙasarku, shi da ƙanensa. Ina saurayi muka kai shi makwancinsa."

Bai rantse cewa shi ne ba. Ya dai ce in duba jaridun wancan zamanin, domin kotu takan buga sanarwa a kan gadon baƙo.

Haka na koma ɗan gidan ɗakin karatun da ake ajiye tsofaffin jaridu. A lokacin gari a rikice yake, wata rana a buɗe, wata rana ka tarar an rufe ka koma. Shafukan baya nake bi, inda ake cusa ƙananan sanarwa: gwanjon kotu, ɓatan hatimi, kiran magada. Na gane Larabawa ba sa rubuta sunayenmu daidai, sai ka haɗa da sunan uba da na ƙasa kafin ka gane mutum. Watanni na yi ina wannan aiki, yatsuna baƙi ƙirin.

Ranar da na gan ta, ba ta fi tafin hannun jariri ba. Ga sunan kakana, ga na ubansa, ga sana'arsa. Wani mutum ya nemi kotu ta tabbatar da rasuwarsa, ta kuma tabbatar shi kaɗai ne magajinsa, domin marigayin bai bar mata ko ɗa ba. An ce duk mai ja ya bayyana. Sunan mai neman kuwa na Baba Ƙarami ne. A Masar ya ci gadon mamaci, ya zo gida ya ci gonar mai rai.

Na kira Kaka a wayar mahaifina na karanta mata. Na ce mata a wajen yawancin malamai takabarta ta wuce tuntuni, tunda daga ranar rasuwa ake lissafi.

"Maigida, ban tambaye ka fatawa ba," ta ce. "Mutumin da ya kamata in yi wa addu'a na yi ta yi wa baki. Wa zai kwashe mini wannan?"

Da hutu ya zo na tafi gida da hoton sanarwar da fassararta. Mahaifina ya so a rufa asiri. Na ce a'a, mamaci yana da hakki. Na kai wa liman takardar, bayan sallar Juma'a aka sanar da rasuwar kakana, aka ce ana zaman makoki. A ina? A zauren babban gida mana, wajen ƙanen marigayi, kamar yadda aka saba. Ni na shimfiɗa tabarmin da hannuna. Kaka ta shiga takabarta a cikin gida, shi kuma Baba Ƙarami dole ya fito ya zauna. Gari ya riga ya ji abin da ke cikin takardar. Mutane suka yi ta zuwa suna durƙusawa suna cewa, "Alhaji, ya haƙuri?" Yana amsawa, idonsa a kan tabarma, ni ina gefensa ina yi masa fifita. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba.

Gona ta dawo hannun mahaifina ba tare da an je kotu ba. Yanzu zamani ya sake, ba mai ɓacewa haka, ko a bayan duniya mutum ya mutu kafin a haƙa kabari labari ya iso gida. 'Yan'uwa suna ta cewa in yafe, tsoho ne, ƙafarsa ɗaya a kabari. Kaka ma ta daina zancensa, tana can tana biyan addu'o'in da aka hana ta yi, ta ce ba ta san ko kwananta zai kai ta gama ba. Ni dai duk Juma'a nakan kira gida daga nan Alƙahira, in ce a miƙa wa Baba Ƙarami wayar. In gaishe shi da ladabi, sannan in ce, "Baba, ya haƙurin Yaya?" Ba na kashewa sai ya amsa.