Shingen da Maigida Ya Dasa

Gidan da muka kama a bayan unguwar Bagdadiyya a Jidda yana da ɗan siririn fili a gaba, kuma don shi na yarda muka tare. 'Yata tana fama da ƙurajen zafi a lokacin. In ba ta sha iskar la'asar ba, sai ta yi ta susa har wuyanta ya yi jini. Sai dai katangar filin iyakarta ƙirjina, a tsallaken titi kuma ga bene cike da gwauraye masu aiki a tashar jiragen ruwa. Da sun taso sai su jeru a baranda da kofunan shayi, fuskokinsu na kallon gidanmu. Ko shara zan fitar sai na zura abaya. A cikin gidana fa.

Na ce wa maigidana ya kafa mana kwano ko tamfol kamar kowa. Ya ce shi ba zai mai da gidansa akurkin kaji ba. Direban wani attajiri ne, ya ga lambun mutane, kansa ya ɗau zafi. Ran nan sai ga shi da tukwane a bayan mota, da wasu 'yan itatuwa masu ganye na sheƙi kamar an shafe su da man gyaɗa. Wai sunansu bibarnum, kuma mai sayarwa ya rantse masa kafin azumi sun wuce kan mutum. Mafi tsawonsu bai kai gwiwata ba.

"Maigida, waɗannan ne za su rufe ni?"

"Ke ba ki san shuka ba. Haƙuri ake yi."

"To in aika wa mutanen bene su ma su yi haƙuri, su rufe ido kafin su girma?"

"Halas, ya isa haka, miƙo min buta."

Sai ya zo da dabararsa. Mukayyif ɗinmu, na'urar sanyaya ɗaki, bayansa filin yake kallo, kullum yana ɗigar da ruwa. Ya ce wannan ruwan ba gishiri, ya jawo tiyo, ya matso da tukwanen kusa. Bai lura da zafin da na'urar ke hurowa ba, wanda ko kyanwa ba ta kwanciya a gabansa. Ta gaba wuta, ta baya iskar teku. Bakin ganyen ya soye kamar ƙosan da aka manta a mai. Ya ce sabawa suke yi da garin.

Ni kuwa kullum ina zaune cikin baƙin mayafi, gumi na bin bayana, hannu ɗaya na riƙe da yarinya, ɗaya na tare gyalen da take fizga. Ba na jimawa sai in kwashe ta mu koma ciki. Ƙurajen suka gangaro har bayanta.

Wata Asabar na ɗaura igiya daga ƙofa zuwa kusurwa, can sama, na shanya zannuwana da zanen gado, na danne su da maƙalai. Ban kwashe ba.

"Wankin nan bai bushe ba har yau?"

"Da sauran danshi."

"Tun Asabar?"

"Ka san laimar Jidda, maigida."

Ya taɓa zanen, ya ji shi ƙamas. Ya dubi itatuwansa da suka koma tsinkaye a tukwane, ya shige ciki.

Da la'asar na shimfiɗa tabarma, na cire ɗankwali, na tuɓe wa 'yata riga, na barbaɗe ta da hoda har ta yi atishawa. Muna nan zaune har aka kira magariba.